Muryar Bibi Gulsum

Unguwar Anbariyya ce zangona na farko a Madina, kuma a can na gane cewa dillalin da ya kawo ni sakiyar da ba ruwa ya yi mini. A Kano ya ce aikin koyar da yara zan yi a gidan wasu masu hali, ɗan lokaci da rana, sauran yinin nawa ne in yi abin da na ga dama. Matar da ta zo masauki ɗaukata ba ta tambayi karatuna ba. Hannuwana ta kama ta jujjuya, ta tambayi dillalin ko na iya guga da wankin banɗaki. Ashe 'yar aikin gida aka rubuta a takardata da Larabci, ni kuwa na rattaba hannu ina ta godiya har da durƙusawa.

Na ce ba inda za ni. Dillali ya yi lallashi, ya koma barazana, ya ce zai sa a mayar da ni gida a jirgin farko. Na ce ya sa, amma kafin nan sai duk wanda ke masaukin ya san sunansa da sunan unguwarsu. Ba raina aikin gida na yi ba, da wankau mahaifiyata ta raine mu. Abin da na sani shi ne 'yar aiki ba ta fita, ba ta jin muryar kowa sai ta masu gida, ni kuwa muryoyin mutane na zo nema.

Gara in faɗi abin da ya kai ni, don wanda bai san ni ba zai ɗauka taurin kai ne zalla. Taurin kan yana nan, ban musa ba. Sunana Sa'adatu, ɗalibar nazarin harshe ce ni, ina digiri na biyu, kuma kundina a kan yankin aikatau ne a harshen Farisanci, wato yadda aikatau yake zama da abokan tafiyarsa a cikin jimla. Wani tsohon malaminmu ne ya jefa ni ciki. Ya taɓa zama da masu harshen yana saurayi, sai wata rana a aji ya gaya mana cewa su ma kamar mu suke, sau da yawa sukan ɗauko suna su jingina masa ɗan ƙaramin aikatau. Mu mu ce yi magana, su su ce buga magana. Mu mu sha wahala mu sha duka, su kuma su ci baƙin ciki su ci duka. Na fita daga ajin nan kamar wadda aka gaya wa tana da dangi a wani gari ba ta sani ba.

Malam ya rasu ina tsakiyar aiki. Sabon shugaban sashe ya kira ni ya ce duk misalan da na tara daga littattafai na kwaso su, kuma ba ya karɓar kundin da aka gina a kan kwashe-kwashe. Ko in koma kan wani karin harshen Hausa in gama lafiya kamar kowa, ko in kawo muryar mai harshen na haihuwa a naɗe, kwamiti ya saurara da kunnensa tare da mai jarrabawa da za a gayyato daga waje. Ya ɗibar mini wa'adi, ya ce in ya cika ban kawo ba za a cire sunana. Na tabbata ya zaci washegari zan dawo masa da sabon take.

Ƙasar masu harshen kuwa, Baba ya ce ko da wasa kada in ambace ta a gidansa. Dama mutanen layinmu sun fara raɗe-raɗin cewa na canza aƙida, tunda an gan ni da littafi mai baƙaƙen Larabci wanda liman ya kasa karantawa. Sai na tuna gwaggona da ta dawo Hajji tana cewa babu harshen da ba ta ji ba a Madina. Na ce wa Baba Madina za ni. Dole ya ƙyale ni, don bai san yadda Musulmi zai ce wa 'yarsa kada ta je Madina ba.

To ga ni a Madinar, dillali ya tafi da fushi, ya bar ni a ɗaki mai gado biyu da taga mai kallon bangon wani gini. Ina jin kiran salla daga masallacin unguwar, ina jin ƙarar motoci, amma ko shagon ƙasa ban isa in sauka ba saboda takardata tana hannunsa. Na yi kuka har idona ya kumbura. Wadda ta tsamo ni ita ce Maryama, Bahaushiyar Cadi mai sharar masaukin. Ta shigo da shayi da gurasa ba tare da na roƙa ba, ta zauna a ɗaya gadon ta saurari labarina tas. Bayanin aikatau bai shige ta ba, amma ta tambaye ni ko na iya keken ɗinki. Na ce a shagon yayata na girma. Ta ce to in share fuskata, ta san matar da dillalan nan suke tsoro.

Zangona na biyu unguwar Sultana ce, a wani mashgal, wato shagon ɗinkin mata, a saman bene, ƙasansa ana sayar da katifu. Mai shagon ita ce Hala Zainabu. Hala ke nan 'yar'uwar uwa a bakin mutanen can. A Madina aka haife ta, 'yar ƙasa ce cikakkiya, amma kakanninta da ƙafa suka zo daga ƙasar Katsina, kuma Hausarta tana nan, sai dai kowace jimla sai Larabci ya leƙo cikinta. Ta dube ni sama da ƙasa, ta turo mini abaya da za a kalmashe wa baki.

"Ya binti, ni ba ruwana da jami'a," in ji ta. "Nan shugul ake yi, aiki kawai. Kin iya keke, ahlan. Ba ki iya ba, ma'as salama."

Na iya. Ranar nan ta kira dillalin a waya, kuma ban taɓa jin an wanke mutum da harshe biyu a lokaci ɗaya irin haka ba. An ɗauki makonni ana kai da kawo kafin a mayar da takardata ƙarƙashinta ta zama kafilata, wato mai ɗaukar nauyin zamana a ƙasar. Na samu kusurwa a ɗakin ma'aikatanta, na samu keke kusa da ƙofa, na samu ciwon baya da har yau bai sake ni ba. Wasu masu kawo ɗinki sukan yi magana a kaina kamar ba na wurin, ɗaya ma ta ce a ba ta wata ta auna ta, ba baƙar nan ba. Hala Zainabu, wadda ta fi ni baƙi, ta miƙa mata yadinta ta nuna mata matakala. Na ji daɗin wannan ƙwarai. Amma ranar da ta buɗe kular abincinta ƙamshin daddawa ya bugi hancina, sai da na shiga banɗaki na yi kukan gida.

A ƙarshen shagon, jikin taga, akwai wata tsohuwa mai tabarau da take yi wa rigunan amare surfani da duwatsu. Ba ta shiga hira, Larabcinta na aiki ne kawai, kuma kowa Bibi yake ce mata. Na yi kwanaki ina wuce ta ban san abin da nake wucewa ba. Wata rana da la'asar allura ta soke ta, ta tsotsi yatsa ta yi wa allurar faɗa ƙasa-ƙasa. Na tsayar da kekena. Jimlar ta yi tafiya, ta yi tafiya, sai a ƙarshe aikatau ya faɗo, daidai yadda Malam ya ce yana faɗowa.

Na tashi na je gabanta na gaishe ta da Farisancin littafi, wanda na yi shekaru ina tanadi. Ta ɗago ta dube ni, ta dubi bayana ko akwai wani, sannan ta fashe da dariya har sai da ta cire tabarau ta goge ido. Ta ce magana nake yi kamar mutumin nan mai karanta labarai a rediyo, saura kawai in gaya mata yanayin gari. Sunanta Gulsum, daga Herat take a ƙasar Afganistan, yaƙi ya fito da su tana da ƙuruciya, mijinta ya rasu a Madina, tana zaune da ɗanta Najibu. Ta tambaye ni wa ya aiko ni in koyi harshensu. Na ce ba kowa. Ta ce to lallai ba ni da aikin yi, in ja kujera.

Na ɗauka wahala ta ƙare. A sana'armu akwai hanyar da muke bi: mu ƙirƙiro jimla mu miƙa wa mai harshe mu ce, ana faɗin haka? Sai mu juya ta, mu raba kalmominta, mu sake tambaya, har mu gano inda take karyewa. Na zo da jimlolina a shirye. Ta farko ita ce, jiya ɗana ya sha duka. Bibi ta ajiye allura, ta tambaye ni wane mara imani ne ya dake shi, kuma me ya sa ban taɓa gaya mata ina da ɗa ba. Na yi mata bayani cewa ba ni da ɗa, ko aure ban yi ba, misali ne kawai. Fuskarta ta canza. Ta ce wace irin mace ce za ta kira wa ɗan da Allah bai ba ta ba tukuna duka. Na ce to ita ta faɗa mini yadda ake cewa. Ta tofar da yawu gefe, ta ce ita tana da ɗa, kuma bakinta ba zai ɗora wa Najibu abin da bai same shi ba.

Na gwada da maƙwabci, ta ce wane maƙwabcin. Na gwada da wani mutum, ta ce mutum ba shi da suna ne. Duk jimlar da ba ta faru ba, a wurin Bibi ko ƙarya ce ko mugun baki. Raina ya ɓaci sosai, don shekara da shekaru aka koya mini hanyar nan, ga tsohuwa ta rushe ta da yamma ɗaya. Amma ba yadda na iya. Na mayar da kekena kusa da tagarta, na bar tambaya, na koma jiran rayuwa ta kawo jimlolin da kanta.

Kuma ta kawo. In muna hira aka ji takun Hala Zainabu a matakala, sai Bibi ta zungure ni ta ce gap nazan, kar kon, wato kada ki buga magana, yi aiki. Nan na ji da kunnena yadda ɗan na ɗin korewa yake tsallake sunan ya je ya zauna a kan ƙaramin aikatau. Tambayar kundina ke nan gaba ɗaya: waɗannan biyun, sunan da ɗan aikatau, kalma ɗaya ce da aka rubuta a rabe, ko kalmomi biyu ne da suka saba tafiya tare? In ɗaya ce, me ya sa ake iya shiga tsakaninsu? In biyu ne, me ya sa ma'anarsu ba ta rabuwa? Ina ɗinki ina kasa kunne, da an tashi in zauna in rubuta abin da na riƙe. Bibi ta yi wa zare faɗa, ta yi wa amare tsegumi, ta yi wa gwiwarta addu'a, duk ina kwashewa.

Ranar jajiberin ƙaramar Salla aiki ya yi mana yawa, ga shi an aiko mini cewa Inna, mahaifiyata, ba ta da lafiya kuma an hana a gaya mini tun farko. Aka sha ruwa, kowa ya ja faranti, ni na kasa haɗiyar komai. Bibi ta gutsuro gurasa ta tsoma a miya ta miƙo har bakina.

"Gham-e tu ra mekhorom, bachem," in ji ta.

Baƙin cikinki nake ci, 'yata, wato damuwarki ta dame ni. Na kifa kai a cinyarta na yi ta kuka. Kuma Allah ya shirye mu masu nazarin harshe, ina cikin kukan nan wani ɓangare na kaina yana lura cewa ta raba baƙin cikin da cin, ta cusa ni a tsakaninsu, abin da na yi wata da watanni ina son in ji an yi. Na gaya mata daga baya, ta ce lallai kaina da motsi.

Sai dai rubutun hannuna ba shi shugaban sashe ya nema ba. Murya ya ce. Bayan Salla na fito da wayata na yi wa Bibi bayanin naɗar murya, ina murna, ina ganin magana ce ta minti ɗaya. Ta tambaye ni wa zai saurara. Na ce malamaina. Ta ce maza ne? Na ce maza ne. Ta ja mayafinta ta rufe baki, kamar sun riga sun shigo shagon. Ta ce 'yan uwan mijinta ma har ya mutu ba su san yadda dariyarta take ba, ba za ta tsufa a birnin Manzon Allah sannan ta aika muryarta wata ƙasa maza su zauna a kujera suna juya ta ba. Na ce ilimi ne. Ta ce to su nemi ilimin a wurin matansu.

Na buga ko'ina. Najibu da yake zuwa ɗaukarta a mota ya aiko ta ce mini kada in sake tayar da maganar, shi kansa kuma a Madina ya girma, rabin harshensa Larabci ne. Na gwada mata masu ziyara a farfajiyar Harami, suka yi murmushi suka girgiza kai, ibada ta kawo su kuma gobe sun tafi. Akwai 'yan ƙasarsu maza masu gasa gurasa a kan titinmu, amma Hala Zainabu ta ce ranar da aka gan ni tsaye a bakin tanda ina miƙa wa namiji waya, ranar zan nemi wata kafilar. Wa'adina kuwa yana ta matsowa.

Maryama da na kai wa kuka ta ce ni dai ban iya zaman duniya ba. Hala Zainabu ma, da ta gaji da ganin fuskata a murtuke, ta ja ni gefe.

"Esh mushkila, ya binti? Sa jawwal, wayar nan taki, ƙarƙashin yadi, ki bar ta ta yi ta surutunta, khalas. Wa zai sani?"

Ba zan ce shawarar ba ta zauna mini a rai ba. Wayar tana aljihuna, Bibi tana gefena tana zuba kamar famfo, kowace jimla tana wucewa ina ji kamar ana ɗebe mini jini. Saboda na san kaina, sai na ɗauki wata al'ada. Kullum da safe in kashe wayar a gabanta, in jefa ta cikin gwangwanin zarenta, in rufe, ba na ɗauka sai an tashi. Ban yi mata bayani ba, ita ma ba ta tambaya ba. Haushinta nake ji a lokacin, har gaisuwata ta gajarce, amma ban fasa jefa wayar ba.

Zangona na uku Harra ta Yamma ce. Wata Alhamis Bibi ta miƙo mini wayata daga gwangwani ta ce gobe bayan la'asar in zo gidanta, in zo da abin nan. Unguwa ce da aka gina a kan baƙin dutse, zafin rana yana kwana a bangonta. Na same ta a ƙaramin ɗaki mai jan kafet, ta dafa koren shayi. Jikokinta mata biyu suka shigo gaishe ni, ta yi musu magana da harshenta suka amsa da Larabci, suka fita suna danna waya. Ta bi su da kallo. Ta ce in ta mutu babu wanda zai sake yi wa yaran nan faɗa da harshen Herat, kuma wata rana za su so su ji. Ta ce ta ga abin da nake yi da gwangwaninta kullum. Za ta ba ni muryarta, amma da sharaɗi ɗaya: kunnen mace kawai.

Na tuna mata cewa malamaina maza ne. Ta ce ƙasarmu babu mata masu karatu ne, ni daga ina na fito? Sannan ta kama hannuna ta ce qasam bokhor, wato in yi rantsuwa. Na rantse da Allah cewa babu namijin da zai ji. Na yi rantsuwar da zuciya ɗaya, ina ganin ai abu ne mai sauƙi, jami'a guda ba za ta rasa yadda za ta yi da ɗan sharaɗin tsohuwa ba.

Juma'o'in da suka biyo baya su ne mafi daɗin zamana a Madina. Mukan rufe ƙofa, in ajiye waya a kan matashi, Bibi ta jingina da bango ta fara. Ban ba ta jimla ko ɗaya ba, ita ta zaɓi abin da za ta faɗa. Ta faɗi yadda ake busar da inabi a garinsu, da yadda uwar mijinta ta koya mata surfani da duka a bayan hannu, da waƙar da ake yi wa amarya ranar lalle, har ta rera da muryarta mai rawa. Wata Juma'ar kuma ta faɗi yadda suka tsallaka iyaka a bayan babbar mota, da 'yarta ta fari da zazzaɓi ya kashe a hanya, da yadda aka binne ta a wurin da har yau ba ta san sunansa ba. Ta ce ko Najibu bai taɓa jin wannan daga bakinta ba. Na kai hannu zan kashe wayar, ta riƙe hannuna ta ce in bar ta. Duk abin da kundina yake bukata yana cikin maganar nan, har da abin da ban san ina nema ba.

Na zauna na rubuce komai baƙi da fari, na fassara, na gyara babi-babi, na aika wa shugaban sashe tun wa'adi bai cika ba. Sannan na kira shi daga matakalar shago lokacin hutun azahar. Ya yaba aikin, har ya ce bai zaci zan kai nan ba. Ya ce saura in turo muryar. Na gaya masa sharaɗin. Ya yi dariya, ya ɗauka wasa nake yi. Da ya ji ba wasa ba ne sai ya ce doka doka ce, kwamiti ne zai saurara, kwamitin kuma maza ne, mai jarrabawa na waje ma namiji ne. Na roƙe shi a nemo mace daga wata jami'a, ko daga wata ƙasa, ta saurara ta shaida cewa abin da na rubuta shi ne abin da aka faɗa. Ya ce ba za a sake tsarin jami'a saboda wata tsohuwa mai ɗinki ba.

"Sa'adatu, ki yi wa kanki faɗa," in ji shi. "Matar nan tana Madina, mu muna nan. Wa zai gaya mata? Mu da muka haife ki, me za mu yi da muryar tsohuwa?"

"Ranka ya daɗe, na rantse mata."

"Sai ki yi kaffara. Azumi ne, kin fi ƙarfinsa?"

Nan jinina ya hau. Na ce masa da sata zan yi, da tuni na yi ta a ƙarƙashin yadi ban sha wannan wahalar ba. Na ce in yana so ya ba Hajiyarsa ta saurara ta gaya masa ko muryar mutum ce ko ta aljan, na yarda. Wannan ta ƙarshen ba ta kamata ba, amma ta riga ta fita, kuma ban janye ba. Ya ce na san ranar da wa'adina yake cika, ya kashe waya.

Na rubuta wa duk wanda na san zai iya sa baki. Wasu suka ba ni haƙuri, wasu suka ba ni shawarar da Farfesa, shugaban sashen, ya ba ni, da kalmomi masu laushi. Baba ya kira ya ce in tura musu abinsu in dawo gida haka nan, shekarun da na zuba sun isa. Ranar da wa'adin ya cika ina kan keke ina haɗa hannun riga. Wayar tana jakata, turawa ba ta fi danna yatsa ba, kuma na san haka tun safe har aka tashi. Ban tura ba. Bayan 'yan kwanaki saƙo ya zo cewa an cire sunana. Na ji zafi irin wanda ban taɓa ji ba, kuma duk wanda ya ce mini takarda ba komai ba ce a ranar, da na zage shi.

Na so in ɓoye wa Bibi, amma matar da take gane zare ya kusa tsinkewa tun bai tsinke ba, ba a ɓoye mata fuska. Ta tambaye ni ko an samu matan da za su ji. Na ce ba a samu ba. Ta ce to takardar fa? Na ce babu takarda. Ta ajiye rigar da ke cinyarta. Sannan ta ja mayafi ta rufe bakinta, ta yi magana ta cikinsa, kanta a sunkuye.

"Ki ba su, bachem. Na yafe rantsuwar. Ni tsohuwa ce, su ji."

Wataƙila da na kira Farfesa a ranar na ba shi haƙuri, da an samu hanyar mayar da sunana. Na yi tunanin haka, ba zan ɓoye ba. Amma ina kallon hannunta da ya danne mayafin a kan baki. Ranar da ta ba ni muryarta a Harra, a miƙe take zaune tana kallon idona. Yau tausayina ne ya sunkuyar da ita, kuma labarin 'yarta da aka binne a hanya ne take cewa in miƙa wa mazan da suka yi dariya. Na ce mata a'a. Ta ce taurin kaina zai kashe ni. Na ce na ji, ta miƙo mini almakashi.

Har yanzu ina Sultana, kekena yana jikin tagarta. Jikokinta sun zo sun saurari waƙar lallen, ƙaramar ta sa na maimaita mata har ta haddace. Ina neman gurbi a wasu jami'o'in da taken kundina na farko, ban canza ko wasali ba, kuma duk inda na kira, kafin su tambayi sakamakona nake tambayarsu ko akwai mace a cikin masu jarrabawarsu. Wasu su yi dariya, wasu su ce za su kira ni. Har yau ba ni da digirin, kuma har yau babu namijin da ya ji muryar Bibi Gulsum.